Manhajojin Da Suka Iya Tsimi: Daga Kwamfutar Aljihu Zuwa Talabijin

A tsakiyar shekarun 1990 wani injiniya Ba'amurke mai suna Jeff Hawkins ya yanko guntun katako daidai aljihun gaban riga, ya riƙa yawo da shi duk inda za shi. In aka sa masa ranar taro, sai ya zaro katakon ya yi kamar yana rubutawa da tsinke. So yake ya gane abin da mutum zai nema daga kwamfutar da ke zaune a aljihu, da abin da ba zai taɓa nema ba. Daga wannan katako aka sami Pilot 1000 ta kamfanin Palm, wadda ta shiga kasuwa a 1996. Memorinta kilobayit 128 ne kacal, hoto ɗaya na wayar yau ba zai shiga ba. Ƙananan batura biyu irin na rimot ake sa mata, ta yi makonni ba a canja ba.

Ƙarfen na'urar ba wani abin a zo a gani ba ne. Gwanintar tana cikin manhajar da ke sarrafa shi. Kowace kwamfuta tana da irin wannan manhaja, ita ce tsakanin ƙarfe da sauran manhajojin da muke taɓawa. Aikinta kamar na sarkin tasha ne: ita ke cewa wane aiki ne a kan layi, wane zai jira, wane ya daɗe yana lodi ya matsa. Ita ke raba memori, ita ke sauraron madannai, ita ke kunna gilashi. Kwamfutar tebur tana yin duk wannan cikin wadata, ga wutar bango, ga faifan ajiya, ga fanka mai sanyaya ta. Ta aljihu ba ta da ko ɗaya. Dole manhajarta ta zama mai tsimi tun daga tushe.

Babban tsimin shi ne barci. Pilot ba ta mutuwa in ka kashe ta, kwantawa take yi, ko tana kunne ma furosesarta kan runtsa tsakanin taɓawa ɗaya da ta gaba. Shi ya sa da ka danna take farkawa daidai inda ka bar ta. Sannan manhajar a ƙone take cikin ma'ajin da ba ya gogewa, kuma daga can take aiki kai tsaye, ba sai an kwaso ta an zuba cikin ɗan memorin da ake ji da shi ba. Aiki ɗaya take buɗewa a lokaci guda. In ka bar kalanda ka koma lambobin waya, kalandar za ta adana inda ta tsaya ta rufe kanta, ba tare da ta tambaye ka komai ba. Amma tsimin yana da farashi. Bayananka a memorin da ke buƙatar wuta suke zaune, don haka wajen canja batir kana da kamar minti ɗaya. In ka tsaya hira, lambobin mutane sun tafi, sai dai in ka riga ka kwafe su a kwamfutar gida.

A watan Nuwamban wannan shekara ta 1996 Microsoft ta fito da tata, Windows CE, a cikin na'urori irin su Cassiopeia ta kamfanin Casio. Cikinta sabon gini ne, amma fuskarta ta Windows 95 ce aka matse: ga maɓallin farawa a kusurwa, ga 'yan Word da Excel, ga madannai da babban yatsa ke danna biyu a tare. A ganina nan ta yi kuskure. Palm ta tambayi abin da mai tafiya a hanya ke buƙata, Microsoft kuwa ta tambayi yadda za ta cusa ofis cikin aljihu. Palm ta sayar da sama da miliyan ɗaya cikin kusan shekara ɗaya da rabi. Duk da haka CE ba ta wulaƙanta ba. Ta sami gida a inda ba a kallon ado: na'urorin karanta lambar kaya a rumbunan ajiya, na'urorin nuna hanya a mota, allunan injinan masana'antu. Sai a 2023 aka daina kula da ta ƙarshe a zuriyarta.

Wadda muka fi sani a nan ita ce Symbian, ko da ba kowa ya san sunanta ba. Asalinta EPOC ce ta kamfanin Psion na Ingila, har a 1998 Psion ta haɗa kai da Nokia da Ericsson da Motorola suka kafa kamfanin Symbian. Lokacin da wayar salula ta GSM ta shigo Najeriya a 2001, ita ma tana tasowa, kuma duk wanda ya riƙe Nokia 6600 ko N70 ko N95 ya yi mu'amala da ita. An gina ta ne a kan cewa memori zai iya ƙarewa kowane lokaci, kuma waya za ta yi watanni ba a kashe ta ba, don haka ta tilasta wa mai rubuta manhaja ya lissafa duk abin da ya ara ya mayar. Masu amfani sun ji daɗin batir, masu rubutu sun sha wuya. A 2006 kusan biyu cikin uku na manyan wayoyin duniya Symbian ne. Da iPhone ta zo a 2007, Android ta biyo a 2008, masu rubutun suka yi ƙaura zuwa inda aiki ya fi sauƙi. Nokia ta juya mata baya a 2011, wayarta ta ƙarshe ita ce 808 ta 2012. Wanda ya dage da tasa kuwa, a 2017 WhatsApp ta daina aiki a kanta. Wayar lafiyarta lau, amma ba wanda za ka yi magana da shi.

Ka shiga kasuwar waya irin Farm Centre a Kano ka ga wayar da ta maƙale a kan tambarin kamfani, ta ƙi gaba ta ƙi baya. Mai gyara zai ce sai an yi mata filashin. Ya jona ta da kwamfutarsa, ya nemo fayil ɗin da ya dace da samfurinta, ya danne madannai biyu, wani layi ya fara cika a hankali. Abin da yake yi shi ne sake rubuta manhajar sarrafawa cikin ma'ajin wayar. In ya zuba ta wani samfurin, gilashi zai fito fari fat ko ta ƙi tashi sam, domin waɗannan ƙananan manhajoji ɗinkin jiki ne, kowace da ƙarfen da aka yanka ta dominsa.

Akwai kuma waɗanda ba su da fuska ko kaɗan, kuma sun fi yawa. A 1984 Ken Sakamura na Jami'ar Tokyo ya fara shirin TRON, ya bar tsarinsa a buɗe ga kowane kamfani. Reshensa ITRON ya bazu cikin kyamarori da firintoci da wayoyi da injinan motoci na Japan, mai saye bai taɓa jin sunansa ba. FreeRTOS, wadda Richard Barry ya fitar a 2003 kuma Amazon ta karɓi ragamarta a 2017, cibiyarta ba ta kai kilobayit 20 ba. Abin da ake nema a wurinsu cika alƙawarin lokaci ne. Idan manhajar rubutu ta yi jinkirin rabin daƙiƙa, tsaki kawai za ka yi. Idan mai auna fetur a injin mota ta yi wannan jinkiri, motar za ta tsaya a tsakiyar titi. Saboda haka suke jera ayyuka bisa gaggawa, mai gaggawa ya katse kowa nan take.

Tsofaffin ma ba duka suka ɓace ba. WebOS da Palm ta ƙera a 2009 ta bi ta hannun HP ta faɗa hannun LG a 2013, yanzu ita ce cikin talabijin ɗinsu, kamar yadda Tizen take cikin na Samsung. A waya kuwa an daina tsimi, domin memori ya yi araha. Android Go da Google ta fitar a 2017 don ƙananan wayoyi ta fara da gigabayit ɗaya ko ƙasa da haka, zuwa 2022 ta koma neman biyu, wato ninkin memorin Pilot fiye da sau 16,000. Masu wannan lissafi suna da soket a gefen gado. A garin da wuta kan yi kwanaki ba ta zo ba, shagon mai caji cike yake da manyan wayoyi kowace yamma, kuma da yawan masu su suna da ƙaramar waya mai tocila a ɗaya aljihun, ita ce ke ɗauke da layin da ake kiransu.