Yaushe Ya Kamata Kwamfuta Ta Rubuta Abin da Ta Gani?

Gabatarwa

Garatu da Gidan Kwano maƙwabta ne a kan hanyar Minna zuwa Bida, kuma a Gidan Kwano ne mazaunin dindindin na Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Minna yake. Wannan jami'a, wadda aka kafa a 1983, tana da sashe guda na nazarin tsaron kwamfuta da intanet. Wannan maƙala za ta duba wata tambaya da masu wannan fanni suke fama da ita: wane lokaci ne ya dace kwamfuta ta ajiye bayanin abin da ya faru a cikinta?

Mai Gadin Ƙofa

Kowace babbar manhaja, kamar Linux ko Windows, tana da zuciya wadda masana suke kira kanel. Babu manhajar da za ta buɗe fayil ko ta goge shi sai ta nemi izinin kanel. Ke nan matsayinsa tamkar na mai gadi ne da rajistarsa a bakin ƙofa. Tun a 1983 Ma'aikatar Tsaron Amurka ta fitar da ƙa'idojin da suka wajabta irin wannan rajista ga kwamfutar da ake son a amince da ita. Shi kuwa Linux ya sami nasa tsarin a 2004.

Me Za a Rubuta?

Mai karatu zai iya cewa a rubuta komai mana. To amma buƙatun da suke isa ga kanel sukan kai dubbai a daƙiƙa ɗaya. Idan aka rubuta su duka, na'ura za ta yi nauyi, ma'ajiya ta cika, sannan sawun ɓarawo ya ɓace cikin sawun jama'a. Don haka akan zaɓi wuraren da amana take: shiga da kalmar sirri, ko an dace ko ba a dace ba, ɗaukar ikon shugaban na'ura, taɓa fayil mai muhimmanci, sauya agogo, da kuma sauya dokokin rajistar kanta.

A ɗauka a wata makaranta an mayar da makin ɗalibi daga 39 zuwa 60 da tsakar dare. Linux yakan riƙe lambar wanda ya fara shiga, ko da daga baya ya ari rigar shugaban na'ura. Haka kuma yakan jira buƙata ta kammala kafin ya fitar da bayaninta, domin a san ko an yi nasara ko yunƙuri ne kawai aka yi. Da wannan ne za a wanke marar laifi, a gano mai laifi.

Idan Rajista Ta Cika Fa?

Bayanan sukan yi layi kafin a adana su, kuma a Linux asalin tsawon layin 64 ne, sai dai ana iya ƙara shi. Idan ya cika, zaɓi uku ne: a yi shiru, ko a yi gargaɗi, ko a tsayar da na'urar gaba ɗaya. Tsayar da ita ana tsakiyar jarrabawa asara ce, yin shiru kuwa buɗe wa ɓarawo ƙofa ne. Dole hukuma ta yanke wannan shawara tun kafin ranar ta zo.

Kammalawa

Sashe na 84 na Dokar Shaida ta Nijeriya ta 2011 ya amince da bayanan kwamfuta a kotu, amma da sharaɗin a nuna cewa na'urar tana aiki daidai a lokacin. Saboda haka yana da kyau a riƙa tura kwafin rajistar zuwa wata na'ura daban, inda hannun mai son gogewa ba zai kai ba. Hausawa dai sun ce rigakafi ya fi magani.