Guillermo Arriaga: Tsakanin Marubuci da Darakta

Akwai wata tambaya da ta daɗe tana damun masu nazarin adabi tun kafuwar sinima: idan an gama shirya fim, labarin na wane ne? Na wanda ya zauna ya rubuta shi ne, ko kuwa na darakta, wato wanda ya tsaya a kan 'yan wasa har aka ɗauki hoto? Rayuwar Guillermo Arriaga, marubucin ƙasar Meksiko mai rubutu da Sifaniyanci, ta isa misali wajen duba wannan al'amari.

An haifi Arriaga a birnin Meksiko ran 13 ga watan Maris, 1958. Ya tashi a wata unguwa mai suna Unidad Modelo, inda faɗa tsakanin samari ya zama ruwan dare. A irin wannan faɗa ne ya daina jin ƙanshi da wari tun yana ɗan shekara 13. Ya yi karatu a Jami'ar Iberoamericana, daga baya kuma ya koyar a cikinta. Abin lura a nan shi ne, da ƙagaggun labarai ya soma, domin kafin sunansa ya fito a sinima ya riga ya buga littattafai uku: Escuadrón Guillotina a 1991, Un dulce olor a muerte a 1994, da El búfalo de la noche a 1999.

Haɗuwarsa da darakta Alejandro González Iñárritu ta haifar da finafinai uku: Amores perros a 2000, 21 Grams a 2003, da Babel a 2006. Dukkansu tsarin gini ɗaya gare su. Ana ɗaukar wani tsautsayi guda, a nuna yadda ya ɗaure rayuwar mutanen da ba su san juna ba, a kuma hargitsa jerin lokaci, ƙarshe ya riga farko zuwa. Alal misali, a fim na farko haɗarin mota ne ya haɗa labarai uku. A Babel kuwa bindiga ce, wadda wani maharbi ɗan Japan ya ba da kyauta a Maroko; wasu yara makiyaya suka harba ta, harsashin ya sami wata Ba'amurkiya, masifar ta bi har kan iyakar Amurka da Meksiko.

To, da ɗaukaka ta zo, sai saɓani ya biyo baya. Arriaga ya tsaya a kan cewa fim ba mallakar darakta kaɗai ba ne, kuma rubutun fim adabi ne kamar kowane littafi. Ba a gan shi ba a bikin finafinai na Cannes, a Faransa, lokacin da aka nuna Babel a 2006. A 2007 kuma Iñárritu da wasu abokan aikinsa suka buga wasiƙa a mujallar Chilango, suna zarginsa da neman tattare yabo shi kaɗai. Daga nan ba su sake aiki tare ba.

Abin da ya faru bayan rabuwar shi ne ya fi ba da haske. Iñárritu ya ci kyautar Oscar ta darakta sau biyu a jere, da Birdman da The Revenant, amma bai koma ga wancan tsari na labarai masu sarƙewa ba. Tsarin ya bi Arriaga. Da ma da shi ya ci kyautar rubutu a Cannes a 2005, da fim ɗin The Three Burials of Melquiades Estrada. Da shi kuma ya shirya nasa fim, The Burning Plain, a 2008, ko da yake bai sami karɓuwa irin ta baya ba. Sa'an nan ya koma ga littafi, ya buga El salvaje a 2016, da Salvar el fuego, mai muryoyi uku, wanda ya ci kyautar Alfaguara a 2020.

Bisa ga haka, ana iya cewa ginin labarin na marubuci ne, tun da shi ya tafi da shi. Amma isar da labarin ga idon jama'a wata gwaninta ce dabam, wadda darakta ya riƙe. Kowannensu ya ci gaba da aiki, sai dai babu wanda ya sake yin irin abin da suka yi tare.