Jirgin alfarma mai inji ko katamaran mai tafiya da iska: abin da ke raba su

A watan Nuwamban 2023 aka yi ce-ce-ku-ce a Najeriya kan naira biliyan 5 da aka ware wa jirgin ruwan shugaban ƙasa a ƙwarya-ƙwaryar kasafin kuɗi, har Majalisar Wakilai ta mayar da kuɗin ga shirin lamunin ɗalibai. Duk muhawarar ta tsaya ne kan farashin saye. Amma a kasuwar jiragen shaƙatawa ta Turai da tsibiran Karibiyan, tambayar da mai saye ke fara fuskanta ita ce abin da jirgin zai riƙa ci bayan an saye shi, kuma a nan ne manyan nau'o'i biyu suka sha bamban.

Na farko shi ne jirgin alfarma mai inji, irin wanda kamfanonin Azimut da Ferretti na Italiya ko Sunseeker na Ingila ke ƙerawa. Na biyu shi ne katamaran: gangar jiki biyu kamar kwale-kwale tagwaye, an haɗa su da faffaɗan dandamali, an kafa dogon turke mai ɗauke da filafilai, wato manyan ƙyallayen da ke kama iska. Sunan ya samo asali ne daga harshen Tamil na kudancin Indiya, inda yake nufin itatuwan da aka ɗaure wuri guda. Faransa ce kan gaba wajen ƙera shi, ta hannun Lagoon da Fountaine Pajot, sai Afirka ta Kudu da ke ƙera samfurin Leopard a Cape Town.

Mai inji lokaci yake sayar wa mai shi. Yana iya gudun kilomita 40 zuwa 55 a awa, yayin da katamaran ke tafiyar kilomita 13 zuwa 17, kuma ko hakan sai iska ta yarda. Attajirin da ke da hutun kwana uku kacal ba zai zauna jiran iska ba. Sai dai wannan gudu da dizal ake biyansa. Jirgi mai tsawon mita 15 da ke tsala gudu yakan sha ɗaruruwan lita a awa guda. Ƙananan injina biyu na katamaran kuwa 'yan litoci ne kawai suke sha, in iska ta kaɗa ma a kashe su baki ɗaya.

Wannan ne ke yanke nisan zangon kowanne. Yawancin masu inji irin na gudu tankinsu ba ya kai su fiye da 'yan ɗaruruwan kilomita, shi ya sa idan za a kai su Karibiyan daga Bahar Rum ake ɗora su a kan jirgin dakon kaya. Katamaran kuwa da kansa yake ƙetarewa. Tun 1986, duk watan Nuwamba ayarin jirage masu filafilai kan tsallaka Tekun Atilantika zuwa Karibiyan daga Las Palmas, tafiyar da a yau ke ƙarewa a Saint Lucia bayan kimanin kilomita 5,000. A irin wannan jirgi ne, mai suna La Vagabonde, 'yar fafutukar kare muhalli Greta Thunberg ta dawo daga Amurka zuwa Lisbon a ƙarshen 2019, cikin kusan mako uku.

Ba a nan lissafin ya ƙare ba, domin katamaran ma yana da nasa haraji. Faɗinsa, wanda ke hana shi tangaɗi kuma ya ba shi ɗakuna masu yalwa, shi ne ke sa tashoshin ajiye jirage su caje shi ninki ɗaya da rabi, wani lokaci har biyu, a wasu wuraren ma a rasa masa gurbi. Filafilai da igiyoyi suna tsufa a sake su. Yana buƙatar matuƙin da ya san iska da gaske, don in guguwa ta kifar da shi ba ya miƙewa da kansa. Abin da ke rama masa shi ne rashin nutso sosai cikin ruwa, abin da ke ba shi damar matsawa gaf da gaɓa.

Dillalai suna da ƙiyasin da suka saba faɗa wa mai saye: ya tanadi kimanin kashi 10 cikin 100 na farashin jirgi duk shekara don mai, gyara, inshora, wurin ajiya da albashin ma'aikata. Ga iyalin da ke son watanni a teku da kuɗin aljihunsu, katamaran ya fi dacewa nesa ba kusa ba. Mai inji na wanda lokacinsa ya fi kuɗinsa tsada ne, ko wanda ba shi ke biyan kuɗin man ba. A bisa wancan ƙiyasi, jirgin naira biliyan 5 zai riƙa cin kusan naira miliyan 500 a kowace shekara.