Ƙarar sitiyari a kan kwana: Wadda ta fi haɗari ba ta cika kunne

Duk wanda ya saba bin hanya tsakanin Yolde Kohi da cikin Yola ko Jimeta ya san wannan sauti. Mota ta iso kwana, direba ya murɗa sitiyari, sai ƙara ta taso daga gaba, wani lokaci kamar kukan jariri, wani lokaci ƙas-ƙas kamar ana karya karan dawa. Da hanya ta miƙe sai ta yi shiru, direban ya manta da ita sai kwana ta gaba. Yawancin masu mota sukan garzaya gareji ne idan ƙarar ta cika kunne, alhali wadda ta fi kusa da jefa mota cikin rami sau da yawa ita ce mai ƙaramin sauti.

Yanayin Adamawa ba ya tausaya wa ƙasan mota. A watannin Maris da Afrilu zafin Yola yakan haura digiri 40, ya busar da robobin da ke rufe gaɓoɓin ƙafar mota har su tsattsage. Ƙurar hunturu ta shiga ta tsagar, damina kuma ta ƙarasa aikin. Ambaliyar 2012 da ta 2022, da aka danganta da sakin ruwan madatsar Lagdo ta Kamaru cikin Kogin Binuwai, da wadda ta auka wa unguwannin Yola ta Kudu a watan Yulin 2025, sun bar motoci da dama cikin ruwa da laka. Injin zai iya tashi bayan haka, amma giris ɗin da ruwa ya wanke ba ya dawowa da kansa.

Ƙarar da ta fi damun mutane ita ce kukan famfon sitiyari, wanda ke ƙaruwa yayin da ake murɗawa ko da mota na tsaye. Galibi man sitiyari ne ya yi ƙasa, ko iska ta shiga cikinsa. Idan aka buɗe murfin robar man aka ga kumfa, ko man ya yi baƙi yana ƙauri, an kusa gano bakin zaren. Ƙara mai kawai ba magani ba ne, domin ba ya ƙonewa kamar fetur; idan ya ragu, to akwai inda yake yoyo, a tiyo ko a famfo ko a jikin rak. Akwai kuma kuskuren zuba kowane jan mai da aka samu a bakin titi. Tsofaffin Toyota da man giya na ATF suke aiki, Honda na da nata man na musamman, Volkswagen Golf kuwa kore take sha. Gauraya su na iya lalata robobin ciki. Haka nan riƙe sitiyari a ƙurewarsa na tsawon lokaci, kamar yadda ake yi wajen juyawa a matsatsin kasuwar Jimeta, yana gajiyar da famfon.

Idan kuwa ƙarar tsuwa ce mai kaifi da safe ko bayan an ratsa ruwa, fanbel ne ya saki ko ya tsufa, kuma gyaransa ba shi da tsada. A lura cewa Corolla daga ƙirar 2009 da Camry daga ƙirar 2012 sitiyarinsu na lantarki ne. Ba su da famfo, ba su da mai, saboda haka duk wanda ya nemi kuɗin man sitiyari a kansu ya nemi kuɗin banza.

Ƙas-ƙas ɗin da ke fitowa idan an ƙure sitiyari ana taka totur daga kan shaf yake, wato gaɓar da ke kai ƙarfin inji ga tayar gaba. Ana gane shi cikin sauƙi: a sami fili, a ƙure sitiyari gefe guda, a yi da'ira a hankali, gaba da baya. Kusan kullum labarin yana farawa ne daga robar da ta yage, giris ya watsu a cikin ƙafa, yashi ya maye gurbinsa. Da an gani da wuri, sabuwar roba da giris sun wadatar. Idan ƙarar ta riga ta fara, ƙarfen ya cinye, sai dai a sauya. Tun bayan faɗuwar darajar naira a 2023 kayan gyara suka yi tashin gwauron zabi, tazarar da ke tsakanin kuɗin roba da kuɗin shaf ta zama abin da mai motar haya ke ji a aljihunsa.

Inda ran mutum yake shi ne ƙaramin bugun nan, ƙwas, da ake ji idan an shiga rami ko an fara kwana, tare da sitiyarin da ke lilo kafin taya ta amsa. Wannan alamar bol-joyin ce ko tayirod, gaɓoɓin da ke riƙe taya da kuma juya ta. Famfo idan ya mutu sitiyari tauri kawai zai yi. Bol-joyin idan ya fita daga gurbinsa taya ce za ta kwanta, kuma a gudun hanyar Numan ko ta Mubi, da fasinja cike da mota, direba ba shi da sauran iko. Abin takaici, rediyo kaɗai ya isa ya danne wannan bugun.

Gwajinsa ba ya buƙatar na'ura. Makanike zai ɗaga motar da jak, ya tokare ta da abu mai ƙarfi, ya kama tayar sama da ƙasa ya girgiza; idan ta yi wasa, ana zargin bol-joyin ko boris. Ya sake kama ta gefe da gefe. Idan ta yi wasa, tayirod ne. Wani ya zauna a ciki yana murɗa sitiyari, shi kuma ya ɗora hannu a saman shokozoba, domin can ma akwai boris da ke gurnani idan ya bushe. Makaniken da ya yanke hukuncin sayen famfo ko rak tun bai leƙa ƙasan mota ba, ya kamata mai mota ya nemi ra'ayin wani.

Bayan an sauya tayirod ko rak dole a kai motar wajen saita ƙafa, in ba haka ba taya za ta cinye ta gefe guda cikin ɗan lokaci. Kayan 'yan Beljiyam kuwa a duba robarsu kafin a biya, domin wasu da tsagarsu suke isowa.