Cukun Akuya a Farantin Baƙi

(Kiɗan buɗe shiri, sannan ya lafa)

Yau muna ƙasar Haɗeja ne, a ƙaramar hukumar Kirikasamma, kuma zancenmu zai tsaya tsakanin turken akuya da kaskon suya. Iyayenmu mata da ke tsakar gida, da 'yan matan da ke tuyar awara da yamma a ƙofar gida, ku matso kusa da akwatin rediyo, yau shirin naku ne.

Bari in fara da tambaya. Wa ya tuna dakashi?

Duk wanda ya tashi a gidan da ake kiwo ya san ranar da akuya ta haihu. 'Ya'yan su tsotsa su ƙoshi, sannan a tatsi ɗan abin da ya rage na wannan nonon farko mai kauri, mai ruwan ƙwai, a zuba a ƙaramar tukunya a ɗora a wuta. Kafin ka ankara ya daskare, ya yi kamar soyayyen ƙwai. Yara su kewaye murhu, kowa ya miƙa tafin hannu. To mai sauraro, in ka taɓa cin dakashi, ka riga ka ɗanɗani ɗan'uwan abin da za mu yi magana a kansa yau, wato cukun nonon akuya, wanda za a iya soyawa a ajiye wa baƙi ranar suna, ko walima, ko kamu.

Na san wani zai ce ai wannan cimar Turawa ce. Gaskiya ne a Faransa suna ji da cukun akuya, har sukan turbuɗa shi a ƙwai da garin burodi su soya, su ɗiga masa zuma, su fara ba baƙo kafin babban abinci ya iso. A tsibirin Kubrus suna da nasu mai suna halumi, na nonon akuya da tumaki, wanda ake gasawa ko a soya bai narke ba. Amma ba sai mun tsallaka teku ba. Maƙwabtanmu na Nijar sun daɗe suna yin cuku. Matan Buzaye da na Fulani a yankunan Tawa da Agadas suna daskarar da madarar shanu ko ta awaki, su baje ta fale-fale a kan ɗan asabari ta bushe, a ci da shayi ko a daka a cikin fura. Har hukumomin Nijar sun sa cuku a jerin kayan ƙasa huɗu da suka nema wa tambarin mallaka, tare da kilishi, da albasar Galmi, da fatar jar akuyar Maraɗi. In kuma ka gangara kudu, wajen Ilori da ƙasar Borgu har cikin Jamhuriyar Benin, za ka tarar da matan Fulani suna yin ɗanyen cuku mai laushi da ake kira wara ko wagashi, ana soya shi a tasha ana sayar wa matafiya. A Benin ma har rina shi suke yi ya yi ja da karan dafi, wannan dai karan dafin da dukawanmu ke rina fata da shi.

Mu a nan fa? Fulanin da ke sauka fadamun Marma da Madaci da Turabu da rani, in ruwa ya janye ciyawa ta fito, sun fi ba da ƙarfi ga nono da kindirmo da man shanu. Hausawa kuwa muka rungumi awarar waken suya, muka ƙware a kanta har ta zama sana'ar dubban mata. Ita kuwa akuya, da take ɗaure a kusan kowane gida daga Baturiya har cikin garin Haɗeja, muna kallonta ne a matsayin asusu: in rashin lafiya ta taso, ko kuɗin makaranta, ko kayan ɗaki, a ja ta zuwa kasuwa. 'Yan kasuwa su kwashe zuwa Maigatari ranar Alhamis ko Gujungu ranar Lahadi. Fatar jar akuya ta yi suna tun zamanin fatake, lokacin da ake ratsa Sahara da ita har ta isa Turai ana ce mata fatar Maroko. A Maraɗi akwai cibiyar kiwon wannan akuya tun 1963. Nan Jihar Jigawa ma, a zamanin Gwamna Muhammad Badaru Abubakar da ya hau mulki a 2015, an raba wa mata awaki uku-uku don su samu abin dogaro. Nama mun sani, fata mun sani. Nonon ne muka bari a baya, sai dai a ba maraya ko marar lafiya. Wannan abu yana damuna, domin alheri ne a cikin gida muke tsallake shi kullum safiya.

(Kukan awaki, sannan ya lafa)

To, yaya ake yi? Aikin yana farawa tun daga turke, kuma nan ne mafi yawa suke faɗuwa.

Abin da ke sa mutane ƙyamar nonon akuya shi ne ƙarni. Wani ɓangare na wannan ƙarnin kuwa daga wurin tatsa yake shiga. A ɗaure bunsuru nesa da inda za a yi tatsa. A share wurin. Uwargida ta wanke hannu da sabulu, ta goge hantsar akuyar da tsumma mai tsabta da ruwan ɗumi, ta zubar da tsirtowar farko a ƙasa, sannan ta tara ƙwarya ko kwanon da aka wanke aka shanya a rana. Da an gama, a tace da farin ƙyalle don cire gashi, a ɗora a wuta nan take. Madarar da ta yini a rufe cikin zafin Haɗeja ta riga ta fara juyawa, kuma cukunta ba zai yi daɗi ba.

Dafawar nan ba don daɗi kaɗai ba ce. Akwai cutar da makiyaya ke kira bakkale, mai sa dabba ɓari, kuma tana kama mutum ta hanyar shan ɗanyar madara, ta bar shi da zazzaɓi mai tafiya yana dawowa da ciwon gaɓoɓi. Tafasa tana kashe ta. Akuyar da ta yi ɓari, ko wadda ake yi wa allurar magani, a bar nononta sai malamin dabbobi ya ce ya yi.

Hanyar daskarar da madara iri biyu ce. Ta farko, duk mai yin awara ta riga ta iya ta. A bar madarar ta kai bakin tafasa, ana juyawa da muciya kada ta kama, sai a rage wuta a riƙa zuba ruwan lemon tsami kaɗan-kaɗan, kamar cokali biyu zuwa uku a kowace lita. Ruwan tsamin da ake tsinka awara da shi ma yana yi. Za ki ga madarar ta tsinke, farin ya taru wuri guda kamar auduga, ruwa mai ɗan kore-kore ya ware gefe. Da kin ga haka ki dakata da tsami, ki sauke, ki ba shi minti 10 ya huta.

Hanya ta biyu ita ce ta matan Fulanin kudu, wato da tumfafiya. E, wannan tumfafiyar da ke tsirowa a kan juji da bakin hanya ba mai kula ta. Ana wanke ganyenta da ɗanyen reshe, a dandaƙa, a jiƙa a cikin ɗan kofin madara mai ɗumi na 'yan mintoci, a tace a juye cikin tukunya. Sai a bar ta a kan wuta marar ƙarfi, ba juyawa, har ta kama jikinta kamar kindirmo, sannan a ƙara wuta ta tafasa sosai ruwan ya fita. Cukun tumfafiya ya fi santsi da danƙo, kuma babu tsami a cikinsa. Amma a yi hattara. Farin ruwan tumfafiya yana da dafi, in ya shiga ido yana iya yi masa lahani, saboda haka a kori yara daga wurin, a wanke hannu bayan an gama. Kuma in ya yi yawa cukun ɗaci zai yi. Karon farko da na gwada, na ga madarar ta ƙi kamawa da wuri sai na ƙara, ashe haƙuri kawai take so. Lita biyu na madara haka na zubar, abin ya tsaya mini a rai kwana da kwanaki. Shawarata ga mai farawa, ta fara da lemon tsami. Tumfafiya sai an zauna kusa da wadda ta iya an ga hannunta.

Ga wani bambanci da ya kamata a sani. Daskararren nonon saniya yana fitowa da gudaji manya, har a iya kwashe shi a ɗan kwando. Na akuya kuwa ƙanana ne, masu laushi, in kika zuba a kwando rabi zai bi ruwa. Sai dai ƙyalle, irin wanda ake tace kamu da shi. A juye a ciki, a barbaɗa gishiri, a ƙulle, a ɗora a kan faifai ko tire, a danne da dutsen niƙa ko tukunya cike da ruwa na awa ɗaya zuwa biyu. Ruwan da ya tsiyaye kada a zubar. A kwaɓa fanke da shi, ko a dama kunu, ko a zuba wa dabbobi a dusa.

(Ƙarar mai a kasko)

Yanzu mun zo wurin da na fi so. An kwance ƙyalle, ga cuku fari fat, a dunƙule, in kika danna da yatsa ya ɗan lotsa ya dawo. A yanka shi ƙanana, daidai loma ɗaya, a shanya a faifai ya sha iska kaɗan, don jiƙaƙƙen cuku yana sa mai ya yi ta tartsatsi. A zuba man gyaɗa a kasko. In kina son sanin ko ya yi zafi, jefa yankan albasa: in ta taso tana ƙara nan take, to ya yi. A riƙa sakawa kaɗan-kaɗan, kada a cika kasko, kuma kada a taɓa shi sai gefen ƙasa ya yi ja, in ba haka ba zai farfashe. Minti biyu zuwa uku kowane gefe ya isa. Irin wannan cuku ba ya narkewa a mai. Bayansa ya yi ƙamas-ƙamas, cikinsa ya zauna da laushi, ga ƙamshin madara da ba za ki taɓa samu a awara ba.

Haka nan ma in aka barbaɗa yajin ƙuli, aka yanka albasa da tumatir da kabeji a gefe, an gama. Amma tunda baƙi za a tara, bari in faɗi yadda na fi so. A kaɗa ƙwai da ɗan gishiri, a tsoma yankan cukun, a mirgina shi a cikin wankakken riɗi, sannan a soya a wuta matsakaiciya, don riɗi ba ya jure wuta, yanzu ya ƙone ya yi ɗaci. In an kwashe ya tsane, a ɗiga zuma a kai. Ko a tsaga dabino a cire ƙwallon, a cusa yankan cuku a ciki, a soke da tsinke. Riɗin nan namu ne, Jigawa na cikin jihohin da suka fi noma shi a Nijeriya. Dabino ga shi nan a Dutse. Ku duba farantin da kyau: babu abu ɗaya a cikinsa da aka yi wa dakon jirgi.

Sai dai in gaya muku gaskiya, kada wata ta ji shirin nan ta ce za ta ciyar da unguwa. Jar akuyarmu ba mai yawan nono ba ce. Abin da take bayarwa a rana bai cika wuce rabin lita ba, kuma 'ya'yanta ne suke da hakkin farko. Wanda ya ƙwace wa ɗan akuya nono don ya burge baƙi ya yi asarar akuyar baɗi, ya kuma ɗauki alhaki. Kusan lita 5 na madara ne ke ba da kilo 1 na cuku, kilo 1 kuwa zai yanku kamar gida 50. Kun ga ke nan wannan abin taɓa baki ne, na farantin surukai da manyan baƙi, a jera shi kusa da dubulan da alkaki da cincin. In ana son ya yi auki, mata biyar ko shida na layi ɗaya su haɗa tatsar safiya guda su ba mai biki, kamar yadda ake adashi, in na wata ya zo ita ma a yi mata. In kuma hakan bai samu ba, a sayi sabuwar madarar shanu wurin Fulani a haɗa, cukun ma ya fi kama jikinsa. Ni ina ganin ko wannan cinikin kaɗai riba ne a yankin da rikicin manoma da makiyaya ya sha jawo mana zaman makoki, a Kirikasamma da Guri. Matar da ke kawo miki madara kowace safiya, kin san sunanta kin san 'ya'yanta, ita ma ta san naki.

Saura batun ajiya, tunda wutar lantarki ba abin dogaro ba ce. Ɗanyen cuku ba ya kwana biyu lafiya a zafinmu. A yi shi ana gobe biki, a tafasa shi a ruwan gishiri, a bar shi a ciki a rufe a wuri mai sanyi, kusa da randa. Da safe a sake tafasawa, a tsane, a soya dab da isowar baƙi, domin da ɗuminsa ya fi daɗi. Wanda ya yi yauƙi ko ya canja wari, a zubar, kada a yi ƙwauron sa.

Masu sauraro, lokaci ya cimma mana. Roƙona ga iyayenmu mata na ƙasar Haɗeja shi ne, kada a jira ranar biki. Gobe da safe, bayan 'yan awaki sun ƙoshi, a tatsi ko lita ɗaya ce, a gwada da lemon tsami, a soya wa mutanen gida su fara ji. Wadda ta gwada ta aiko mana da labarin yadda ya kasance, za mu karanta a shiri na gaba. Allah ya albarkaci dabbobinmu, ya ba mu zaman lafiya a fadamunmu. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Assalamu alaikum.

(Kiɗan rufe shiri)