Ƙasar da ke Tafasa da Baƙinta na Yini Ɗaya

A watan Fabrairun 2025 Babbar Kotun Niyu Zilan ta soke hukuncin da aka yanke wa kamfanin masu tsibirin Whakaari, inda dutse mai aman wuta ya fashe ranar 9 ga Disamba, 2019, ya halaka mutum 22 cikin 47 da ke kansa. Da yawa sun ɗauka kotu ta ce ba laifin kowa ba ne, ajali ne kawai. Ba haka ba ne. Alƙali ya bambanta mai ƙasa da mai kai mutane yawo a kanta. Kamfanonin da suka kai baƙin tuni sun amsa laifi, an ci su tara, an sa su biyan diyya. Tun a watan Nuwamban 2019 masana suka ɗaga gargaɗi zuwa mataki na biyu. Ƙaddara gaskiya ce, amma ba ta wanke sakaci.

Mutum 38 daga cikin 47 ɗin sun fito ne daga katafaren jirgin ruwa Ovation of the Seas da ya tsaya a Tauranga. An daina sauka tsibirin, amma har gobe jirage na tsayawa, ana kwasar fasinjoji a bas, tafiyar kamar awa guda, zuwa Rotorua. Tun daga bakin gari warin ruɓaɓɓen ƙwai zai tare ka, warin farar wuta ke nan. Ga taɓo yana ɓalɓala kamar talge a tukunya, ga maɓuɓɓugar Pohutu tana cilla tafasasshen ruwa sama har mita 30. Narkakken dutse ne kusa da doron ƙasa yake dafa ruwan da ya tsattsafa ciki. Wanda ya taɓa wanka a Wikki ta Yankari kada ya kwatanta: zafin Wikki digiri 31 ne, tafkin Champagne na Waiotapu kuwa ya haura 70. A Waiotapu ma akwai maɓuɓɓugar Lady Knox, wadda sabulu ake zuba mata kullum da ƙarfe goma da kwata ta yi feshi, domin baƙo mai sauri ba ya jiran ƙasa ta ga dama.

Abin da ke damuna shi ne labarin da ba ya samun wuri a wannan gaggawa. Wannan sana'a ta zagayawa da baƙi ba Turawa suka kafa ta ba. Tun ƙarni na 19 'yan Maori na zuriyar Tuhourangi ke ɗaukar baƙi a kwalekwale su kai su tafkin Rotomahana kallon wasu matakalai na halitta, fari da ruwan hoda, waɗanda ruwan zafi ya gina. Mata ne kan gaba a jagoranci, kuma fitacciyarsu ita ce Sophia Hinerangi. Da tsakar daren 10 ga Yuni, 1886, dutsen Tarawera ya tsage. Taɓo da toka suka binne ƙauyuka, matakalan suka ɓace, mutum kusan 120 suka mutu, galibinsu Maori. A ƙauyen Te Wairoa mutum sama da 60 suka fake a ɗakin Sophia har gari ya waye, suka tsira. Wasu kuma suka fake a Hinemihi, sassaƙaƙƙen zauren taron dangi.

Waɗanda suka rage sun koma wurin 'yan'uwansu a Whakarewarewa da ke Rotorua, inda har yau jikokinsu ke dafa masara a ruwan maɓuɓɓuga suna zagayawa da baƙi. Daga nan jagora Makereti Papakura ta fito, daga nan Rangi wadda ta yi wa uwargidan shugaban Amurka Eleanor Roosevelt jagora a 1943. Lokacin da rijiyoyin burtsatse na gidaje da otel-otel suka janye ruwan zafi har wasu maɓuɓɓugai suka ƙafe, sai a 1986 gwamnati ta ba da umarnin toshe waɗanda ke cikin kilomita ɗaya da rabi da Pohutu. Mutanen nan sun san ƙasar nan tana ciyarwa, tana kuma ci. Bai dace a taƙaita su ga rawa da ɗaukar hoto kafin bas ya yi oda ba.

Masu jiragen ke sayar da tikitin yawon nan tun a cikin jirgi, don haka nauyin faɗin gaskiya a wuyansu yake: su gaya wa fasinja matakin gargaɗin ranar, da bakin da zai gane, kafin ya sa hannu a takarda. Ɗan'uwanmu da Allah ya hore wa irin wannan tafiya shi ma ya buɗe baki ya tambaya, ya kuma zauna ya saurari jagora maimakon waya.

Shi kuwa Hinemihi, zauren da ya ceci rayuka, Gwamnan Niyu Zilan Onslow ya saye shi fam 50 a 1892, ya kai shi lambun gidansa na Clandon a Ingila. Sai a 2019 hukumar da ke riƙe da gidan ta amince a mayar da sassaƙensa gida. Shekara 127 dangi suna jiran wannan kalma ɗaya.