Jeren Jarrabawa da Neman Rancen Karatu: Misali daga Malali

A unguwar Malali ta Kaduna akwai Kwalejin Gwamnatin Tarayya, wadda aka buɗe a 1973. Ɗalibin da ya kai ajin ƙarshe a nan, kamar takwarorinsa na sauran ƙasar, jarrabawa uku ke jiransa, kowace da hukumarta. Ta farko ita ce ta shiga jami'a, wadda hukumar JAMB ke shiryawa. An kafa hukumar a 1978, tun 2015 kuwa da kwamfuta ake amsa tambayoyinta. Akan yi rajista a farkon shekara, a zauna wajen watan Afrilu. Sa'an nan ta WAEC, hukumar da ke nan tun 1952, ta biyo baya cikin Mayu da Yuni, ta NECO kuma, wadda aka kafa a 1999, ta rufe cikin Yuni da Yuli. Watau yaro yakan nemi shiga jami'a tun bai sami shaidar gama sakandare ba.

Kuɗin rajistar nan duka yakan faɗo wa iyaye tun kafin a yi zancen agaji. A Afrilun 2024 aka sa hannu a dokar rancen karatu, asusun NELFUND ya fara karɓar masu nema a watan Mayu. Rancen ba shi da ruwa, kuma ba a fara biya sai bayan shekara biyu da gama hidimar ƙasa. Amma fa sai wanda ya riga ya sami gurbi a makarantar gwamnati ke nema, da lambar JAMB, da lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN, da ta banki ta BVN.

To, a nan ne maganar ta shafi masu nazarin harshe. Tun 2021 ba a rajistar JAMB sai da NIN, saboda haka lalle ne sunan yaro ya zama iri ɗaya a duk takardun nan, gama kwamfuta baƙi da baƙi take gwadawa. Bahaushe kuwa ba haka ya ɗauki suna ba. A wurinsa Muhammad da Muhammadu da Mamman mutum guda ne, ga kuma rubutun Mohammed da aka gada daga Turawa. Ɗanladi yakan rasa ƙugiyarsa, Sa'adatu ta rasa alharzarta. Mafi wuya duka shi ne gurbin sunan dangi, wanda babu shi a al'adarmu: malamin firamare ya sa sunan uba, ma'aikacin banki ya sa na kaka, wani ma ya sa sunan gari. Kowannensu ya yi daidai bisa al'ada, amma takardun sun saɓa.

Gyaran suna yana cin kuɗi da lokaci, in kuwa sai a ranar neman rance aka gano saɓanin, yaro na iya shiga zangon karatu ba kuɗin makaranta. A ganina aikin nan na malamin aji ne, tun yara suna aji biyu na babbar sakandare: ya sa kowa ya kawo takardar haihuwa da ta NIN, a gwada su da rajistar makaranta kafin Janairu ya kama.